A Faɗa Wa Jama'a Nauyin Dutse Kafin Su Hau

A wannan mako za mu leƙa Abuja, inda hawan duwatsu a ƙungiyance ya zama abin yayi. Ran Asabar da sassafe za ka ga ma'aikata, maza da mata, sun ɗunguma zuwa duwatsun Mpape, ko Katampe, ko na Ushafa kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Wannan abin yabo ne, domin wanda ya shafe mako a kujerar ofis yana bukatar motsa jini.

Amma fa akwai gyara. Sau da yawa sanarwar fita ba ta wuce wuri da lokaci, sai a ƙara da cewa tafiyar mai sauƙi ce. To, mai sauƙi ga wa? Abin da saurayi zai haye yana raha, shi ne zai tsai da dattijo mai hawan jini a tsakiyar dutse, ga rana ta take, ga ruwan gora ya ƙare.

Wasu ƙasashe sun daɗe da magance wannan. A 1892 wani ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kawo ƙa'idar cewa a ware awa guda ga kowace kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa, ban da hutu. Ƙungiyar mahaya duwatsu ta Suwizalan kuwa ta kasa hanyoyinta mataki shida. Ashe nisa kaɗai ba ya nuna wahala.

Mu a nan mataki uku ya wadatar. Na farko, shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta bakin Tafkin Jabi, wadda yaro da tsoho za su iya. Na biyu, hawa mai sa haki amma ba a dafa ƙasa. Na uku, inda sai an kama dutse da hannu, wanda bai dace da sabon shiga ba. A kuma tuna cewa da damina dutse yana santsi, a watan Maris kuma zafi yana tsananta, saboda haka matakin sai ya ƙaru.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin nan da su rubuta mataki da awoyi a kowace sanarwa, su auna da mafi rauni a cikin ayari, su kuma sa wani gogagge a can baya. Wanda ya gayyato mutane, amanarsu tana wuyansa har su sauko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.