Man Koriya Da Ƙurajen Fuska

Man shafawa na Koriya ta Kudu ya yi suna a duniya, har akan jera matakai 10 na gyaran fuska, wani man ma da yauƙin dodon koɗi ake haɗa shi. Lalle yana tausasa fata. Amma ƙurajen da kan feso wa mata a haɓa gab da al'ada, tushensu a cikin jiki yake. Sinadarin androjin ke sa fata yawan maiƙo har ƙofofin gashi su toshe, man kanti kuwa ba ya hana wannan.

To, jama'a, wadda abin ya dama ta ga likita, ta jure wa magani kamar wata 3, ta bar matsa ƙurji. Mai ciki ta sanar da shi tun farko, domin isotretinoin yana nakasa ɗan tayi. Kada albashi ya ƙare a kwalabe.