Kafin a kira ta juya

Wani ɗaurin aure da aka yi a makon nan ya ɓata mini rai. Magidanci ne a nan Warra ya ƙaro ta uku, wai don shekaru sun tura ba a ji kukan jariri a gidansa ba. Uwargida ba ta taɓa ko ɓari ba, ta biyun ma haka. Duk da haka mahaifiyarsa cewa take, "Ai ɗana lafiyarsa ƙalau, matan ne ba a dace ba." Manomin da ya shuka gona biyu ba ko tsiro, iri yake dubawa. Shi kuwa wannan bawan Allah ko ƙofar ɗakin gwaji bai taɓa takawa ba.

Uwargidan ta sha rubutu, ta sha jiƙo, ta sayar da awakinta har da kwanonin jerenta ta kai wa masu magani. Ranar sunan 'ya'yan maƙwabta tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ana yi mata habaici ta gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, namiji na da hannu a matsalar. Gwajin maniyyi bai kai wahala ko tsadar gwaje-gwajen mace ba. Girman kai ne kawai ke hana shi.

Masu bin wannan shafi sun san ba na gajiya da maganar tsargiya, kuma yau ma sai na yi, don tana da hannu a rashin haihuwa. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 muke zaune a bakin tafki, ruwa kwance, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ya sami wurin zama. Yaro ya yi fitsarin jini, mu ce zai wuce. Yarinyar da ke wanki da wanke-wanke a bakin ruwa tun tana 'yar shekara bakwai fa? Ƙwayayen tsutsar da ke kawo cutar suna maƙalewa a bakin mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, su bar tabo, har su toshe hanya. Sai ta girma tana fama da ciwon mara da zubar ruwa, a ce sanyi ne, wani lokaci ma a zarge ta da abin da ba ta aikata ba. Namiji ma cutar ba ta ƙyale shi, har jini takan sa a maniyyi. Maganinta, praziquantel, kyauta ake rabawa a makarantu. To 'ya'yan masunta da ke tungaye, waɗanda ba su san aji ba, wa ke kai musu?

Za a ce haihuwa ta Allah ce. Haka ne, kuma Shi ya halatta neman magani.

Don haka ina magana da ku maza kai tsaye: wanda ya ƙi gwaji sannan ya saki mace ko ya bari danginsa suna kiranta juya, zalunci ya yi, kuma zai amsa a gaban Allah. Malamanmu su faɗi wannan a kan mumbari ranar Juma'a. Hukumomin lafiya na Kebbi kuwa su kai maganin tsargiya mashigun jiragen ruwa da kasuwannin Ngaski, Yauri da Shanga, su kuma koya wa ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su riƙa tambayar duk macen da ta zo neman haihuwa a wane ruwa ta tashi.