Gemu ba ya hana ilimi

Da zarar damina ta sauka, daga Gidan Sori har Agye da Gazawa, kowa sai ya koma gona, littafi ya shiga akwati. Idan kaka ta yi aka dawo aji, sai mu ji wasu suna cewa: "Na manta duka. Kaina ya tsufa." Daga nan su daina zuwa. Mu ba mu yarda da wannan magana ba.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƴan ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan dubu 80, suna aika wa juna saƙo. Akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira hipokampas. Shi ne ke fara riƙe sabon abin da muka koya. A 1973, masana biyu, Bliss da Lomo, sun duba wannan sashe a kan zomo. Sun gano cewa idan saƙo ya yi ta bin hanya ɗaya, hanyar tana ƙara ƙarfi. Kamar turbar gona ce: wadda ake bi kullum takan buɗe, wadda aka bari ciyawa ta rufe ta.

A wannan sashe, wajen ƙwaya ɗaya cikin goma aikinta tsawatarwa ne. Suna sa sauran su yi shiru, kamar yadda mai gari ke yi a taro domin a saurari mutum ɗaya. Suna taimakawa kada abubuwan da muka koya su cakuɗe. Su ma suna canzawa idan ana koyo.

A 2010, wani masani na Faransa, Dehaene, da abokan aikinsa sun duba mutanen Barazil da Fotugal da suka koyi karatu da girmansu. Sun tarar karatu ya canza aikin ƙwaƙwalwarsu.

Saboda haka, jama'a, kada mu bar turba ta mutu da damina. Kowace rana mu karanta layi biyu ko uku: rubutun buhun taki, katin rigakafin yaro, takardar maganin ƙwari. Mu sami barci isasshe, domin barci yana zaunar da karatu a kai. Wanda ya iya karanta adadin maganin feshi ya tsare gonarsa da lafiyar iyalinsa. Wanda ya manta kuwa, ya dawo aji, ba abin kunya ba ne. Buɗe tsohuwar turba ya fi saran sabuwa sauƙi.