Haƙƙin Kakanni a Kan Masu Alƙalami

Idan sarki ko malami ya riga mu gidan gaskiya, jaridu kan cika da ta'aziyya da lissafin ayyukansa, alhali kuwa dattijuwar da ta ƙare rayuwarta tana riƙe da gida, ta yaye 'ya'ya, ta goya jikoki, ta tarbiyyantar da marayun dangi, ba ta samun kome illa addu'ar uku da ta bakwai, daga nan sai zancenta ya shuɗe. A ganina wannan rashin adalci ne.

A Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, inda baƙo ba ya yankewa, tukunyar irin waɗannan mata ce ta ciyar da ma'aikacin reluwe da almajiri da fatake masu sayen citta, ba tare da an tambayi kowa asalinsa ba. Kuma bayan fitinar watan Maris na 1987, wadda ta faro daga Kwalejin Ilimi ta garin, su ne suka ci gaba da aika tuwon salla gidajen maƙwabtansu Bajju da Fantswam, suna karɓar na Kirsimeti, domin sun san haƙƙin maƙwabtaka a aikace, ko da karatunsu bai wuce na allo ba.

Saboda haka ina kira ga jikoki masu ilimin zamani, su zauna da kakannin da suka rage, su rubuta tarihinsu daga bakinsu tun ajali bai cim musu ba. Waɗanda suka rasu kuwa, Allah Ya jiƙansu da rahama.