Wuƙa ko baka: gardamar ɓarayin Dungeons & Dragons

Wasan Dungeons & Dragons, wanda masu jin faransanci suka sani da sunan Donjons et Dragons, ya fito a Amurka cikin shekara ta 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Mutane huɗu ko biyar ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. Uban wasa yana ba da labari yana kuma riƙe da dodanni, ƙwayoyin jefawa irin na ludo su raba gardama. Cikin jaruman akwai ɓarawo, wanda ya shigo a 1975. Ba shi da ƙarfin soja ko sulkensa, abin da ya dogara gare shi shi ne mamaya: ya sari maƙiyi lokacin da hankalinsa ke wani wuri, raunin ya ninka.

Tambayar da ta daɗe tana haɗa abokan wasa faɗa ita ce: ɓarawo mai wuƙa da ɓarawo mai baka, wa aka zalunta?

A bugu na uku, na shekara ta 2000, mai wuƙa ne ɗan gata. In shi da abokinsa suka sa maƙiyi tsakiya, kowane saran da ya samu shiga mamaya ne. Maharbi ba shi da wannan dama, kuma kibiyarsa ba ta zama mamaya in nisa ya wuce metir 9.

Bugu na biyar, na 2014, ya juya lamarin. Mamaya ta koma sau ɗaya tak cikin kowane juyi, kuma ya isa a ce wani aboki yana tsaye dab da maƙiyin. Saboda haka maharbi na iya laɓewa can nesa, soja yana shan bugu, shi kuwa ya samu mamayarsa cikakkiya, daga ƙwaya guda a matakin farko har ƙwaya 10 a mataki na 19. Tunda sau ɗaya ce, abin da ke da muhimmanci shi ne kada a kuskure. A nan lissafi ke tona asiri. A ɗauka cewa sara ɗaya na samun shiga sau 60 cikin 100. Mai wuƙa biyu yana da dama biyu, sai rabonsa ya hau 84 cikin 100. Maharbin da ya ɓuya kafin ya harba yana jefa ƙwaya biyu ya ɗauki babba, nasa rabon ma 84 ne cikin 100. Riba ɗaya ke nan, amma ɗaya yana tsaye gaban dodo, ɗaya yana bayan dutse.

Bai tsaya nan ba. Kowane juyi ɓarawo yana da ɗan ƙarin aiki guda, kamar gyaran da mai awo ke yi ma mai saye. Da shi yake ɓuya, ko ya ƙara gudu, ko ya janye jiki lafiya. Da shi kuma ake saran wuƙa ta biyu. Mai wuƙa dole ya zaɓa: in ya ƙara sara ya kwana a bakin dodo, in ya janye ya rasa damarsa ta biyu. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ƙara ma maharbi sauƙi, domin ya ba ɓarawon da bai motsa ba damar jefa ƙwaya biyu ko da bai ɓuya ba. Wanda ke nesa, me zai sa shi motsi?

Wasu iyayen wasa sukan gyara ta hanyar ƙara ma wuƙa ƙwaya. Wannan kuskure ne, domin ciwon mai wuƙa ba ƙarancin rauni ba ne, rashin hanyar fita ne. Ɗan wasan da jaruminsa ya faɗi tun juyi na biyu zai zauna yana kallon abokansa har yamma, ko da saransa ya fi na kowa zafi. Masu rubuta dokokin 2024 sun gane haka: saran wuƙa ta biyu ya shiga cikin harin farko, gyaran ya rage ma ɓarawo don ya tsere.

Sauran aikin yana wuyan uban wasa, kuma dokokin da yake buƙata suna cikin littafi tun 2014, mantawa da su ake yi. Abokin da ya tsaya tsakanin maharbi da maƙiyi kariya ne ga maƙiyin, yana ƙara masa maki 2 na tsaro. Maharbin da maƙiyi ya iske dab da shi yana jefa ƙwaya biyu ya ɗauki ƙarama, galibi mamayar ta kuɓuce masa. Mai wuƙa kuwa yana iya sarar wanda ya juya baya zai gudu, kuma da yake wannan cikin juyin maƙiyi ne, mamaya ta biyu ta halatta. A fili mai faɗi da rana tsaka, inda dodanni ke tsaye wuri guda kamar turaku, babu ɗaya cikin waɗannan da ke aiki. A lungu mai ƙunci, da ƙofa a baya wadda ƴan fashi biyu za su iya ɓullowa ta cikinta, maharbi ma sai ya nemi wuƙarsa.