Juriya Ko Ganganci? Mai Ciwon Sukari da Gasar Tsere-Uku

Akwai kalmomi uku a Hausa waɗanda akan cuɗa su wajen magana, alhali kuwa ma'anarsu ta sha bamban, wato haƙuri da juriya da ganganci. Haƙuri shi ne ɗaukar abin da ya sami mutum ba da son ransa ba. Juriya ita ce daurewa a kan wahalar da mutum ya ɗora wa kansa domin cim ma wani buri. Ganganci kuwa shi ne faɗawa cikin haɗari ido buɗe ba tare da wani tanadi ba. To, mutumin da yake fama da ciwon da ba ya warkewa, sa'an nan ya ɗaura ɗamarar shiga gasar tsere-uku, wanne daga cikin ukun nan ya yi? Ra'ayin wannan maƙala shi ne juriya ya yi, matuƙar dai ya gina horonsa a kan lissafi da sanin jikinsa, kuma lissafin nan shi ne ya fi cancantar yabo.

Da farko ya kamata a san mece ce gasar. Tsere-uku gasa ce wadda mutum ɗaya yake yin iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya shiga gudu, ba tare da hutu a tsakani ba. An fara irin ta zamani a birnin San Diyego na Amurka a 1974, kuma ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Mafi shahara a cikin masu dogon zango ita ce Ironman, wadda aka fara a tsibirin Owahu na Hawayi a watan Fabrairun 1978, inda mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. Tsawonta shi ne iyon kusan kilomita 4, da keken kilomita 180, da gudun kilomita 42, kuma bisa al'ada awa 17 ake ba mutum ya gama. Mai cikakkiyar lafiya ma yakan yi watanni yana horo kafin ya tunkare ta.

Domin a gane abin da mai ciwo yake fuskanta, a ɗauki ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jiki yake daina yin insulin, dole sai an riƙa ba shi ta allura. Idan lafiyayye ya fara gudu, jikinsa da kansa yake rage insulin, hanta kuma ta riƙa sakin sukari gwargwadon abin da tsoka take ci. Shi kuwa mai wannan ciwo, insulin ɗin da ya yi wa kansa allurarsa da safe yana nan yana aiki, babu mai janye shi. Tsoka tana zuƙar sukari, insulin yana taya ta, sai sukarin jini ya faɗi. Idan ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin da aka saba, an shiga haɗari. Idan ya ci gaba da sauka, hankali yakan gushe, har a kai ga suma.

Abin da ya ƙara wa al'amarin wuya shi ne alamomin faɗuwar sukari su ne gumi da bugun zuciya da rawar jiki da kasala, waɗannan kuwa su ne abin da kowane mai gudu yake ji ko lafiyarsa ƙalau. Ke nan jiki yana ba da labari, amma hayaniyar gasa ta rufe muryarsa. Daɗin daɗawa, fargabar da ake ji kafin a tashi takan ɗaga sukari sama, wanda ya yi garajen saukar da shi da ƙarin allura sai ya faɗi a tsakiyar ruwa, inda cin abinci da gwajin jini suke da wuyar gaske. A nan karin maganar nan ta "iya ruwa fid da kai" ta zama zahiri. Ko bayan an gama ma ba a tsira ba, domin tsoka takan ci gaba da jan sukari har cikin dare, mutum yana barci sukarinsa ya faɗi.

Saboda haka horon mai ciwon sukari horo biyu ne a haɗe. Na farko shi ne na kowa da kowa, wato ƙarfafa huhu da zuciya da ƙafafu. Na biyu shi ne wanda ba a gani a hoto: rubuta abin da aka ci da lokacin da aka ci shi, da yawan insulin da aka rage kafin fita, da abin da ma'auni ya nuna bayan awa ɗaya a kan keke, da bambancin ranar zafi da ranar sanyi. Wata yarjejeniyar masana da aka buga a 2017 ta ba da shawarar a fara doguwar motsa jiki sukari yana tsakanin 126 da 180, amma wannan ƙofar shiga ce kawai, ragowar sai mutum ya koya daga jikinsa tare da likitansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma a cikin wannan horo akwai darasin da ya fi kowanne ɗaci, wato sanin ranar da za a ajiye keke a koma gida.

Tarihi ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Bil Kalsin ya gama Ironman ta Hawayi yana ɗauke da ciwon sukari nau'i na ɗaya, a zamanin da na'urar gwajin jini ta gida ba ta daɗe da yaɗuwa ba. Sabastiyan Sasbil, mutumin Kanada mai irin wannan ciwo, ya hau ƙololuwar dutsen Ebares a 2008, ya gama Ironman sau da dama, sa'an nan ya ratsa Kanada da gudu a 2014. Idan aka tuna cewa kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a Toronto a 1922 wannan ciwo hukuncin kisa ne, za a ga irin nisan da aka yi. A yau ma har da 'yar na'urar da ake mannawa a fata tana auna sukari dare da rana, ko da yake takan yi jinkirin wasu mintoci wajen nuna sauyi, don haka ba ta ɗauke wa mutum nauyin lura da kansa ba.

Wani zai ce, me ya yi zafi? Wanda Allah ya jarrabe shi da ciwo ai kamata ya yi ya lallaɓa ransa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin ciwo suna ya tara. Mai amosanin jini, wanda ƙishirwa da matsananciyar gajiya suke tayar masa da ciwo, ko mai wasu cututtukan zuciya, lissafinsa dabam yake, kuma zai yiwu amsar da likita zai ba shi ita ce a'a. Wanda ya ji wannan amsa ya yi kunnen ƙashi, to, ya bar juriya ya shiga ganganci. Amma hana kowa saboda wasu ba adalci ba ne. Mai ciwo baligi ne mai hankali, yana da haƙƙin ya zaɓi abin da zai yi da kwanakinsa bayan an bayyana masa haɗarin da yake ciki.

Sai dai akwai wani kuskure da masu ba da labarin irin waɗannan mutane suke yawan yi, wato su ce wane "ya ci nasara a kan ciwo". Jon Bles, wanda aka gano yana da cutar shanyewar jijiyoyi a 2005, ya gama Ironman ta Hawayi a cikin shekarar, cikin kimanin awa 16 da rabi, ya kuma rasu a 2007. Bajintarsa ba ta da ja, amma gasar ba ta warkar da shi ba. Haka mai ciwon sukari, washegarin gasa da allurarsa zai tashi. Illar wancan salon labari ita ce yakan zama bulala a kan sauran marasa lafiya, a riƙa ce musu ga wane can ya yi, ku mene ne uzurinku? Alhali kuwa wane yana da kuɗin keke da na'ura da likita da lokacin horo, yayin da wani bai ma da tabbacin insulin ɗin wata mai zuwa.

A ƙasar Hausa ba kowa ne ya taɓa ganin wannan gasa ba, amma darasinta ya shafi gidaje da yawa, domin ciwon sukari da hawan jini ba baƙi ba ne. Da zarar an ce wane yana da ciwo, gaisuwar da yake samu ita ce "kwanta ka huta", a hana shi ko da tattaki zuwa kasuwa, da sunan tausayi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce manya, har da masu irin waɗannan cututtuka, su sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ba a ce kowa ya yi iyon kilomita 4 ba. Abin da za a ɗauka daga ɗan tsere-uku shi ne tsarinsa: ya nemi shawarar likita, ya fara da kaɗan, ya auna, ya rubuta, ya ƙara a hankali, ranar da jiki ya ƙi kuma ya dakata. Dattijon da yake zagaya unguwa bayan sallar asuba da 'yan ƙwayoyin dabino a aljihu saboda gudun faɗuwar sukari, a kan wannan tsari yake, kuma ya kamata iyalinsa su bar shi ya fita.