Faifan Samarin Boston da Fushin Samarin Anka

A shekarar 2008 wasu samari Musulmi 'yan asalin Pakistan, mazauna yankin Boston a Amurka, suka fitar da faifan waƙoƙinsu na farko mai suna Wild Nights in Guantanamo Bay, suna ishara da kurkukun nan da Amurka ta buɗe a 2002 ta tsare ɗaruruwan Musulmi ba tare da shari'a ba. Ƙungiyar tasu sunanta The Kominas, wato tantirai a harshen Urdu. Salon kiɗansu shi ake kira pank, wanda ya ɓulla a Niyok da Landan a tsakiyar shekarun 1970: ganga da jita masu ƙarar gaske, gajeruwar waƙa, da murya irin ta mai husuma.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Fushi ne ya haɗa su. Waɗannan yara sun tashi bayan harin 11 ga Satumbar 2001, ana musu kallon 'yan ta'adda saboda sunayensu, sai suka mayar da martani da gatse da ba'a. Har aka laƙaba wa tafiyar tasu suna takwako, wai an gwama taƙawa da kiɗan tawaye.

Ba mu yaba wannan gwami ba. Jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, Ibn Hazm da wasu sun sassauta, amma wasa da alamomin addini babu mai halatta shi. Sai dai hukunta faifai abu ne mai sauƙi. Abin da ya haife shi ne ya kamata ya hana mu barci.

A Disambar 2011, 'yan sanda a Aceh ta Indunusiya, lardin da ke aiki da shari'a kamar yadda Zamfara ta fara a 2000, suka kama matasa sama da sittin a wurin wani kiɗan pank, suka aske musu kai, suka tsare su kwanaki da sunan gyaran tarbiyya. Gashi ya sake tsirowa. Aska ba ta kai inda ciwon yake ba.

Mu dawo gida. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a garuruwa irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Waɗanda suka tsira yau samari ne da 'yan mata. Da yawansu sun ga an kore shanun gidansu, sun ga an tara kuɗin fansa, sun ga an biya 'yan bindiga haraji kafin a girbe gonar gado. Wasu suna zaman gudun hijira a cikin garin Anka, wasu ambaliyar 2024 ta rushe musu ɗakuna a Gummi. Yaron da ya ga wannan duka yana da abin faɗa a ransa, kuma akwai waya a aljihunsa. In bai sami mai saurarensa a zaure ko masallaci ba, akwai masu jiransa a TikTok, cikinsu har da masu kambama ɓarayin daji. Mun san ƙarfin irin wannan waƙa tun zamanin Gambu, ba sai Boston ta koya mana ba.

Addininmu bai toshe bakin wanda aka zalunta ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba shi izinin bayyana abin da aka yi masa. Mu masu hawa mumbari, mun daɗe muna yi wa matasa huɗubar haƙuri, alhali ba kasafai muke ambatar sunan zaluncin da ake son su haƙura a kansa ba. Wannan gibi namu ne.

Saboda haka muna kira ga limamai da malaman Islamiyya na Anka da Gummi da Bukkuyum da su ware zama, ko da sau ɗaya a wata bayan La'asar, inda matashi zai yi magana dattijo ya yi shiru, a rubuta koke a kai shi ga hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da sunan jama'a. Uban da ya ji baƙuwar ƙara na fita daga wayar ɗansa kuwa, kafin ya ƙwace ta, ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da mawaƙin ke cewa, da dalilin da ya sa yake maimaita ta.